Man faso da wake casa'in da biyar

Wasu shekaru can baya, lokacin na gama karatun kimiyyar haɗa sinadarai ina jin kaina kamar ni na ƙirƙiro ilimin, na yi wa kakata wani alheri da har yau in na tuna sai haushi ya taso mini. Haushinta nake ji, da haushin kaina, har da na ɗan bututun man da ya ja mana abin.

Kakata ta wajen uwa ce, a Wurno take, a gidan da aka haifi mahaifiyata. Gidan malamai ne tun asali, amma ita ba ta taɓa yarda zaman ɗaki ya kama ta ba. In an kwaso albasa daga fadama, ita ce kan gaba wajen tsince ruɓaɓɓu a tsakar gida, kuma ba takalmi. Takalmi tana da shi har ƙafa uku, duk ni na saya, duk suna ƙarƙashin gado suna jiran ranar biki. Haka dugaduganta suka tsattsage da faso, har in ta taka ƙasa sai ka ji ta ja tsaki. Ta shafa man kaɗe, ta shafa basilin, ba abin da ya canza. Ga kuma ciwon gwiwa da ta daɗe tana fama da shi, wanda ba ta son a yi maganarsa ko kaɗan.

Ni kuwa a lokacin na samu aiki a wani shagon sayar da man shafawa da kayan kwalliya a cikin birnin Sakkwato. Sai aka kawo mana wani man faso, fari ƙal kamar ruwa, a ɗan bututu. A cikinsa akwai wani sinadari da ake haɗawa a masana'anta, ɗan uwan roba ne, a makaranta folima muke ce wa danginsa. Irinsa ake sa wa a jan farce, da man da ke ƙame gashi, da hodar nan da gumi ba ya wankewa. In an shafa shi ya bushe, sai ya bar wani siririn rufi a kan fata wanda ido ba ya gani. Rufin ke riƙe damshi a ciki har tsagar ta haɗe.

Don Allah kada ku ce ban yi bincike ba, domin na yi har ya yi yawa. Na bi abubuwan da aka jera a jikin bututun ɗaya bayan ɗaya. Na tabbatar babu sinadaran bilicin. Na koma littattafaina na karanta cewa ƙwayoyin irin wannan sinadari manya ne, ba sa ratsa fata su shiga jini, a sama suke tsayawa. Na ga an ce kada a sa a rauni mai jini, na riƙe wannan. Na shafa a cikin hannuna kwana biyu, ba ƙaiƙayi ba ƙuraje. Da na kai mata ma ban bari ta sa a ƙafa ba sai da na ɗiga mata a damtse muka kwana muka duba.

Ni da ita akwai wasan jika da kaka, angonta take ce mini. Tana kallona ina jujjuya damtsenta a rana, ta ce, "Kai ango, mi kaka nema haka? Ko da anka zo neman aurena ba a yi bincike irin wanga ba."

Na ce, "Ke dai tsohuwa ki gode Allah kin samu miji mai ilimi."

Na gaya mata ta shafa safe da yamma, ta bari ya bushe kafin ta taka ƙasa. Na hau mota na koma birni ina jin na cika jika nagari.

Sai bayan kwana goma sha tara na dawo. Da hantsi na shiga gidan, na tarar da ita a ƙarƙashin rumfa tana gyaran wake. Ko gaisawa ba mu gama ba ta miƙo mini ƙafa. Wallahi faso ya haɗe, dugadugai sun yi sumul. Ina cikin yabon kaina sai ta ce akwai abin da take son in duba, yau da safe ta ji shi. Ta sa farce a gefen dunduniyarta, ta ja a hankali. Wani siririn abu ya ɓaro, shara-shara kamar ɓawon albasa na ciki.

Ta ce, "Hwatata ta ka saɓulewa, ko mi?"

Na yi dariya har da riƙe ciki. Na gyara zama, irin zaman da malamanmu na jami'a ke yi, na fara bayani. Na ce wannan ba fatarta ba ce, aikin man ke nan. Na ce wata 'yar leda yake yi a kan ƙafar, ita ke rufe tsagar, ta hana datti shiga, ta hana ruwa shiga.

Ta ajiye farantin waken. Ta ce, "Ta hana mi shiga?"

Na ce, "Ruwa. Ai nan ƙwarewar take. Ko kin wanke ƙafar, ruwan bisa ledar yake bi ya wuce."

Ta dube ni, ta dubi ƙafarta, ta dubi butarta da ke gefen tabarma. Ni kuwa sakarai har lokacin murmushi nake. Sai ta ce, a hankali ƙwarai, "Kenan kwana goma sha tara ina alwala ruwa bai taɓa dugadugaina ba."

Jama'a, na rantse muku, duk binciken da na yi, wannan bai taɓa zuwa mini a rai ba ko sau ɗaya. Ni da aka haifa a gidan malamai, ni da aka dake ni a kan barin lam'a, wurin da ruwan alwala bai taɓa ba, a dunduniya ina yaro. An rubuta ɓaro-ɓaro da Turanci a jikin bututun cewa ruwa ba ya wanke shi, na karanta, na ji daɗi, na ɗauka falala ce.

Na fara kame-kame. Na ce ai rufin siriri ne, ai da cuɗawa yana iya fita, ai ba da gangan ba ne. Ba ta ko dube ni ba. Ta ce in kira mata Malam. Malam ɗin nan kawuna ne, ɗanta na fari, shi ya sa ba ta faɗin sunansa. Yana koyarwa a Rabah, kuma in maganar addini ta taso, shi kaɗai take saurara duk da ita ta haife shi. Kafin la'asar ya iso a kan babur.

Kawu ya zauna, ya saurari kowa, ya karɓi ɓawon ya ɗaga shi a rana. Ya ce hukuncin ba mai wuya ba ne. In abu maiƙo ne kawai ba shi da jiki, ba komai. In kuwa yana da jiki har ya tsaya tsakanin ruwa da fata, to ba a wanke gaɓar ba. Sai ya juyo gare ni. Ya ce, "Kai ka yi karatun abin ga. Ruwa na ratsa shi, ko ba ya ratsawa?"

Na dubi gwiwoyin kakata. Na san abin da amsata za ta jawo. Sai na ɗauko Turancin cikina na fara juya shi da Hausa. Na ce a kimiyyance irin wannan rufi yana numfashi, iska na bi ta cikinsa, har tururin ruwa ma yana wucewa.

Kawu ya ce, "To. Da tururi aka alwala?"

Ya sa aka ɗauko masa kurtun tawada daga zaure. Ya shafa man a bayan hannuna, muka jira har ya bushe. Ya tsoma alƙalami ya ɗiga tawada a kai, ya cuɗa da yatsa kamar yadda ake cuɗa gaɓa. Sannan ya sa farce ya ɓare rufin. Tawada ta tafi da ɓawon gaba ɗaya, fatata a ƙasa tas, ko ɗigo babu. Shekara huɗu ina ɗakin gwaji, malamin zaure ya gama da ni da kurtun tawada a gaban kakata.

Ya ce mata ba ta da zunubi ko kaɗan tunda ba ta sani ba, amma sallolin sai an ranka. Ya ce ta bi a hankali gwargwadon ƙarfinta, kuma saboda gwiwa tana iya yin su a zaune, shari'a ta ba ta wannan.

Ta ce, "Tsaye niy yi su, tsaye za ni ranka su."

Kawu ya yi magana, na yi magana, mahaifiyata ta yi ta waya har muryarta ta dushe. Kamar da bango muke. A ranar ta sa aka kawo ruwan ɗumi da dutsen goge ƙafa ta kankare sauran man. Ta jawo farantin wakenta, ta ƙirga ƙwaya casa'in da biyar, kwana goma sha tara sau biyar, ta zuba a ƙoƙo. Ta ajiye wani ƙoƙon babu komai a gefensa. Duk sallar da ta ranka, sai ta ɗauki ƙwaya ɗaya daga wannan ta jefa a wancan.

Na ɗauki hutu a wurin aiki, don ba zan iya tafiya in bar abin da na haddasa ba. Ranar farko ta yi da yawa. Rana ta biyu ta rage. Ba adadi ɗaya take yi kullum ba, yadda jiki ya ba ta take yi, daga hantsi zuwa kusan azahar, sannan ta ƙara bayan la'asar, ga kuma sallolinta biyar na ranar. Rana ta huɗu na ga sai ta dafa bango take tashi daga sujada. Gwiwar hagu ta kumbura har zane bai ɓoye ta ba. In ta durƙusa ina jin ƙarar ƙashin daga inda nake zaune.

Na ce, "Haba Kaka! Wai wa kike yi wa wannan? An ce ki zauna, malami ya ce ki zauna, ɗanki ne ma. Kujera ga ta nan. Mi zai ragu?"

Ta ce, "Ango, in surutu kaka ji, tahi kasuwa."

Raina ya ɓaci. Kuma ni in raina ya ɓaci sai dabara ta zo mini, dabarar da ba ta taɓa amfanar kowa ba. Da ta zagaya bayan ɗaki sabunta alwala, na leƙa ƙoƙon farko. Wake jingim, kamar ba a taɓa shi ba. Na sa hannu na ɗebi ɗan abin da yatsuna suka kama, na zuba a ƙoƙon waɗanda aka gama. Idonta ba ya gani sosai, na ce ba za ta lura ba. Na ce wa kaina ni na ja mata, in akwai laifi a rubuta a kaina. Bayan kwana biyu na ga ƙafar ta ƙara hawa, na sake ɗiba. Duk biyun ban ƙirga ba, sauri nake kada ta fito ta same ni.

Rana ta takwas, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, ina zaure na ji ta kira ni. Ba ango ta ce ba, sunana ta kira, sunan yanka. Na shiga na same ta zaune a kan buzunta, ƙoƙon farko a kife.

Na ce, "Alhamdu lillahi! An gama ke nan?"

Ta ce, "Zamna. Da wace salla rana ka hwarawa?"

Na ce asuba.

"Da wace taka ƙarewa?"

Na ce isha'i.

Ta ce, "To ni azahar nig gama yanzu, nis sa hannu, wake ya ƙare. Ina la'asar ta tahi? Ina magariba da isha'i? Biyar-biyar niz zuba su. Kaza ba ta shigo ɗakin ga ba."

Ku ji fa. Ni mai digiri, wanda ke auna sinadari da ma'aunin da ke gane nauyin ƙwayar gishiri, na je satar wake ban san in ɗiba biyar-biyar ba. Da na yi haka, da ta ƙare a isha'i lafiya lau. Ban ce wannan ne daidai ba, amma a lokacin abin da ya fara zuwa mini ke nan, kuma ina jin kunyarsa.

Ban yi musu ba, na ce ni ne. Ta tambaye ni nawa na ɗiba. Na ce ban ƙirga ba. Ta ce in kintata. Na ce ƙila ashirin, ƙila ashirin da wani abu, ƙila bai kai ba. Sai ta jawo ƙoƙon da ya cika, ta juye shi gaba ɗaya cikin na farko.

Na miƙe tsaye. Na ɗaga mata murya, abin da ban taɓa yi ba. Na ce wannan zalunci ne take yi wa kanta, na ce ko ashirin ɗin ta ninka ta yi arba'in ai ya wadatar. Na kira kawu a waya na sa ta a kunnenta. Shi ma ya ce ta ƙiyasta da abin da ya fi yawa, ta yi, shi ke nan, ba sai ta koma farko ba. Ta saurare shi har ya gama. Ta ce, "Malam, na ji. Amma ni ba ni iya kwana da ƙila." Ta miƙo mini wayar.

Na zauna a bakin ƙofa na yi kuka, ƙato da ni, gemu ya fara fitowa. Kukan takaici ne zalla. Ta bar ni na gama, sannan ta turo mini ƙoƙunan biyu da ƙafa.

Ta ce, "Kai za ka riƙe. Ka zamna nan, in niy yi sallama ka jehwa ɗaya. Tunda hannunka na ƙaiƙayi, ga aiki."

Na ce, "Bayan abin da na yi?"

Ta ce, "Shi ya sa. Wanda yaɗ ɗiba sau biyu yag ga abin da yab biyo baya, ba shi ƙarawa."

Haka na tsawaita hutuna, mai shago yana ta faɗa a waya. Kwana goma sha ɗaya na yi a kan tabarma a bayanta. Na ƙirga kowace raka'a. In ta kasa tashi daga sujada, in miƙa hannu ta dafa. Tsakanin salla da salla in gasa mata gwiwa da tsumma da ruwan zafi, ina mita tana yi mini tsiya. Faso kuwa ya fara dawowa tun ba mu yi nisa ba, domin man kaɗe kaɗai ta yarda da shi, shi ma sai ta ɗiga ruwa a kai ta shafa ta ji. Bututun nan na jefa shi a masai, ban ma tsaya tunani ba.

Isha'in ƙarshe da hantsi ta yi ta, ranar wata Talata. Ta yi sallama, na jefa ƙwayar, na nuna mata ƙoƙon babu komai. Ta shafa cikinsa da yatsa don ta tabbatar. Ta ce alhamdu lillahi, ta ce in kai waken madafa a haɗa da na rana. Ta yunƙura za ta tashi, ƙafar ta ƙi. Ni da matar kawuna muka ɗaga ta zuwa gado.

Washegari muka kai ta asibiti. Likitan ya danna gwiwar, ya ga yadda ta tara ruwa, ya ce mi ta yi da ƙafar nan kwanan nan haka. Ina tsaye a bayan kujerarta, na buɗe baki zan yi bayani. Ta riga ni. Ta ce, "Shekaru na, ɗana. Ba komi." Ba ta ko waiwayo ba.

Kumburin ya sauka bayan makonni, ta koma takawa da sanda. Amma ba ta sake iya tsayuwar salla ba. Shekara uku ta ƙara a duniya, duk a zaune ta yi sallarta, a kan kujerar nan da na yi ta roƙonta ta hau ta ƙi. Ba ta taɓa tayar mini da maganar ba, ko a wasa, ita da ba ta barin kowa ya sha ruwa da tsokana.

Likitoci sun ce mini gwiwar dama ta kusa, ko ba ranko da ta kai nan. Kawu ya ce in bar tuhumar kaina, taurin kanta ne, kuma ya san shi tun kafin a haife ni. Ina jin su. Har yau ina sayar da irin wannan man, domin man ba shi da laifi, fata ba ya cutarwa, abin da aka ce yana yi shi yake yi. Sai dai duk wanda ya tambaye ni ko zai ɓata fata, ina ba shi amsa, sannan in ƙara masa da wadda bai tambaya ba, in ce ya kankare shi kafin alwala. Wasu su yi godiya, wasu su dube ni kamar na cika shisshigi.

Kuma har yau ina jin haushinta, Allah ya jiƙanta. Da ta zauna tun ranar farko, da ba a yi haka ba. Amma in na gama jin haushin sai lissafin ya dawo mini, kuma ni mutum ne mai lissafi. Abin da ya rage mata a ranar da ta gano satar bai wuce salla ashirin da 'yan kai ba. Kwana biyu ko uku, da ta gama abinta. Na je rage mata ashirin, na ja mata casa'in da biyar, kuma su ne na ƙarshe da ta yi a tsaye.